Shi'ira da Suhailu: Hasken Ido da Hasken Gaskiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Manoman rani na Kura da Bunkure, waɗanda ke ban ruwa daga madatsar Tiga tun bayan gama ta a 1974, sun san taurari biyu da ke fitowa kudu a daren hunturu. Ɗaya Shi'ira, wadda Allah Ya ambata cikin Suratun Najmi, ɗaya kuwa Suhailu. A ido Shi'ira ta fi kowace tauraruwa haske. To, shin ita ce mafi haske a haƙiƙa?

Malam Abdurrahman as-Sufi, cikin littafinsa na siffofin taurari a shekara ta 964, ya jera su daraja daraja bisa ganin ido. Amma ido ba ya auna nisa. Fitilar ƙwai a bakin fadama takan rinjayi fitilar babbar mota da ke can nesa bisa hanyar Zariya.

Ga yadda masana falaki ke warware wannan. Da fari sukan nemi nisa. Miƙa yatsa, ka rufe ido ɗaya, sa'an nan ɗayan, za ka ga yatsan ya gusa. Haka sukan dubi tauraro yau, su kuma dube shi bayan wata 6, sa'ad da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Gwargwadon ƙarancin gusawarsa, gwargwadon nisansa. Bajamushe Bessel ya yi wannan awo a 1838. Sa'an nan sai lissafi: in nisa ya ninka biyu, haske ya koma rubu'i, in ya ninka uku, ya koma ɗaya bisa tara.

Da wannan aka gane hasken Shi'ira na isowa gare mu cikin shekara 8 da 'yan watanni, ta kuwa fi rana haske kamar sau 25. Na Suhailu sai ya yi shekara wajen 310 a hanya, ya fi rana sau dubu 10 da ɗoriya. Ashe kusanci ne ya ɗaukaka Shi'ira.

Ya 'yan'uwa, mu yi tunani. Ɗan kasuwa kan jera manyan tumatir a saman kwando. Ma'aikaci kan raɓi shugaba don a ga aikinsa, wani kuwa na can ƙauye yana riƙon amana, ba mai yabonsa. Mu da ke raba muƙami ko ba da bashi, kada ƙyalli ya ruɗe mu, mu bincika tukuna. Ranar Alƙiyama kuwa mizani guda ne ga kowa.

Allah Ya tsare mu daga riya, Ya ba mu ikhlasi, amin.