Yadda ake yanka fallen ƙarfe siri-siri da kayan hannu

Mai karatu, siririn fallen ƙarfe yana da amfani a gida da gona. Da shi ake ɗaure ƙotar kalme in ta tsage, da shi ake gyaran ƙofa ko bakin rariya. Kuna iya yanka shi da kanku daga ragowar kwanon rufi ko babban gwangwani.

Kayan aiki

Ku tanadi almakashin yankan kwano, da ƙusa mai tsini, da miƙaƙƙen katako, da magagari, da guduma, da safar hannu ta fata. Almakashin yana yanka ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimeta 1 ba. Kwanon rufi bai kai wannan kauri ba.

Matakan aiki

1. Ku shimfiɗa fallen a kan katako, ku bubbuga shi har ya miƙe.
2. Ku auna faɗin da kuke so, misali santimeta 2. Ku sa alama a sama da ƙasa, ku haɗa su da layi. Da ƙusa ake jan layin.
3. Ku buɗe almakashin sosai, ku tura fallen har cikin bakinsa, domin nan ne ƙarfin yanka yake.
4. Kada ku rufe almakashin gaba ɗaya. In bakinsa ya haɗu, yana yage ƙarfen. Ku tsaya kafin ƙarshe, ku sake buɗewa, ku ci gaba.
5. Siririn ƙarfen zai murɗe yayin yanka. Wannan ba ɓarna ba ce. Ku miƙe shi a kan katako da bugu a hankali.
6. Ku goge bakin da magagari har kaifin ya mutu.

In babu almakashi, ku ja layin sau da yawa da tsinin wuƙa. Ku matse fallen tsakanin katako 2 daidai kan layin, ku riƙa lanƙwasa shi gaba da baya har ya rabu. Wannan dabara ta fi dacewa da gwangwani da alminiyom.

Kiyaye lafiya

Bakin ƙarfen da aka yanka yana da kaifi kamar aska. Ku sa safar hannu, ku nisanta yara, ku tsince guntaye kafin a taka su. Kada ku taɓa gwangwanin da aka zuba maganin ƙwari ko fetur a cikinsa.

In kun yanke, ku wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ku danne da tsumma mai tsabta. Kada ku sa ƙasa, toka ko kashin dabba, domin ƙwayar ciwon sarƙe haƙora tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ciwon yana kisa. Ku je gidan likita a ranar, ku tambayi allurar rigakafi.