Yunwar da Hukuma ta Saukar wa Mutanen Yukren

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san hanyar da yunwa take biyowa: ko ruwa ya ɗauke, ko fara ta sauka a gona. To, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wata yunwa dabam, wadda ta afka wa mutanen Yukren cikin 1932 da 1933, alhali ga hatsi jibge a rumbunan gwamnati. Su da kansu suna kiranta Holodomor, watau kisa ta hanyar yunwa.

A wancan zamani Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyat, ƙarƙashin mulkin Stalin, kuma ita ce rumbun ƙasar saboda baƙar ƙasarta mai albarkar alkama. Tun daga 1929 aka tilasta wa manoma su sallama gonakinsu da shanunsu su shiga gandun gwamnati. Wanda aka ga yana da ɗan hali sai a kira shi "kulak", a kwashe shi da iyalinsa zuwa Siberiya. Sa'an nan aka yanka wa kowane gandu yawan hatsin da zai kai. Daminar 1932 ba ta yi kyau sosai ba, amma hukuma ta ɗauka ɓoyewa manoma suke yi.

Nan ne abin ya zama mugunta tsantsa. Ranar 7 ga Agusta 1932 aka kafa doka cewa wanda ya taɓa kayan gandu hukuncinsa harbi, in an sassauta kuwa ɗaurin shekara 10. Talakawa suka laƙaba mata "dokar zangarniya biyar", domin ko kala mutum ya yi bayan girbi ana iya kama shi. Aka aika 'yan kwamiti gida-gida riƙe da sandunan ƙarfe, suna soka ƙasa da bango suna neman ɓoyayyen hatsi. A wurare da yawa ba su bar irin shuka ba, har dankali da wake suka kwashe. Ƙauyen da ya kasa cika rabonsa sai a rubuta sunansa a baƙin allo, a hana kai masa kaya, ko gishiri ko kananzir.

Mai karatu da ya baro gida ya zo Ikko ko Badun neman abinci zai ce, me ya hana su tashi? Ai an toshe wannan ƙofa. Ranar 22 ga Janairu 1933 Stalin da Molotov suka sa hannu a kan umurnin hana manoman Yukren da na yankin Kuban fita. Aka daina sayar musu da tikitin jirgin ƙasa, wanda aka kama a hanya a mai da shi ƙauyensu. A cikin shekarun nan biyu kuwa Tarayyar Sobiyat ba ta fasa sayar da hatsi ƙasashen waje ba, fiye da tan miliyan ɗaya da rabi kowace shekara, domin sayen injunan masana'antu.

Mutane suka ci ciyawa da ɓawon itace, suka ci karnuka da kyanwoyi. Mutuwa ta fi tsanani a watan Yuni na 1933. Masana suna ƙiyasta waɗanda suka rasu a Yukren tsakanin miliyan 3.5 da miliyan 5, yara kuwa su suka fi jin jiki. Kazakistan ma ta rasa mutum wajen miliyan ɗaya da rabi.

Abin da ya biyo baya shi ne shiru. Wani ɗan jaridar Birtaniya, Gareth Jones, ya taka ƙauyukan da ƙafa a Maris 1933 ya faɗi abin da ya gani, amma Walter Duranty na jaridar New York Times ya ƙaryata shi, duniya kuma ta fi sauraron Duranty. Da ƙidayar 1937 ta nuna giɓin jama'a, sai aka binne sakamakon, aka harbe shugabannin aikin. Sai a Disamba 1987 shugaban jam'iyyar Kwaminis ta Yukren ya yarda a fili cewa an yi yunwa.

Bayan Yukren ta sami 'yancin kai a 1991, tsofaffin da suka tsira suka fara magana ba tsoro. A 2006 majalisar ƙasar ta zartar cewa abin da ya faru kisan ƙare dangi ne, majalisar Jamus da ta Tarayyar Turai suka bi sahu a 2022. Rasha dai ba ta yarda ba, tana cewa yunwar ta shafi kowa a Tarayyar. Gaskiya ne ta shafi wasu, amma mu a ganinmu umurnin rufe hanyar nan yana da wuyar kārewa.

Kowace shekara, ranar Asabar ta huɗu a watan Nuwamba, mutanen Yukren sukan yi shiru na minti ɗaya da ƙarfe 4 na yamma, sa'an nan su kunna kyandir a tagogi. A wurin tunawa da aka buɗe a birnin Kiyef cikin 2008 akwai mutum-mutumin wata ramammiyar yarinya rungume da zangarniyar alkama, masu ziyara sukan ajiye mata tuffa da burodi a gindin ƙafafunta.