Jigawa, fadama da korama: yanayin ƙasar Matamaye ta bakin manomanta

1. Gabatarwa

Tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, malaman makaranta ke fama da tambaya guda: da waɗanne kalmomi za a koyar da labarin ƙasa? Tambayar ta ƙara nauyi a shekarar 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko kalmar Faransanci a nemo mata takwara, a ce « dune » jigawa ce, « bas-fond » fadama ce, « vallée » kwari ne. A cikin wannan maƙala za mu bayyana yanayin ƙasar Matamaye, sannan mu nuna cewa irin wannan fassara tana ɓatar da wani ilimi da manoma suka daɗe da tsarawa.

2. Matsayin Matamaye a jihar Damagaram

Jihar Damagaram tana da faɗin murabba'in kilomita 155.778, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da miliyan uku da rabi a cikinta. Idan muka bi yawan ruwan sama daga arewa zuwa kudu, jihar ta kasu kashi uku.

Kashi na farko shi ne hamadar arewa, wajen Taskar da duwatsun Tarmit har zuwa Tenere, inda ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai, rayuwa kuma ta dogara ga kiwon raƙuma da ƙananan bisashe. Kashi na biyu shi ne tsakiya, wato Damargu da Kutus da Muniyo, ƙasar kiwo da noman gero wanda ba kowace shekara yake yin kyau ba. A wannan tsakiyar ne iyakar noma da dokar 1961 ta shata take ratsawa. Kashi na uku shi ne kudu, wato Mirya da Magarya da Matamaye, inda ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 400 da 600.

Matamaye ita ce babban garin gundumar Kance, a kudu maso yammacin birnin Damagaram, bisa hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Gundumar tana da ƙananan hukumomi tara, kuma a ƙidayar 2012 mutanenta sun kusa 400.000. Ke nan tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, abin da ya sa kowane taƙi na gona yake da daraja.

3. Siffar ƙasa da lokutan shekara

Ƙasar Matamaye ba ta da manyan duwatsu irin na ƙwaryar Damagaram. Shimfiɗa ce ta rairayi mai hawa da sauka a hankali. Masana sun nuna cewa tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamani mai tsananin fari, dubban shekaru da suka wuce, daga baya tsirrai suka kafe su. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka, mafi girmansu shi ne na Korama, wanda yake cikin yankin da ruwansa ke gangarawa wajen tabkin Cadi. Rairayi yana shanye ruwan sama da sauri, ruwan ya taru a ƙarƙashi, sai ya kasance kusa da doron ƙasa a cikin kwari. Shi ya sa ake noman rake da rogo da kayan lambu a wurare irin su Dungu, alhali gonar da ke bisa tudu, ba nisa da nan, gero da wake da gyaɗa kawai take ɗauka.

Littattafan makaranta na Faransanci sukan raba shekara biyu: « saison sèche » da « saison des pluies ». Manomi yana raba ta huɗu. Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iskar kudu maso yamma ke kawo laima daga teku, kuma tsakiyarta, wajen Agusta, ita ce marka. Kaka lokacin girbi ce. Hunturu, ko ɗari, yana zuwa da iskar arewa maso gabas mai ƙura. Bazara ita ce zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni kan haura digiri 40, ana sharar gona ana duban gabas. Kalmar rani kuwa tana iya rufe dukan watannin da babu ruwa. Abin lura shi ne, kowane suna yana tafe da aikinsa.

4. Kalmomin ƙasa

Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Gonarsa jigawa ce, ko ruwa kaɗan aka yi gero zai tashi.
(2) Wurin ya zama fako, ko ciyawa ba ta fitowa.
(3) Ya gaji fadama, ba ya zaman banza da rani.

A misali na (1), jigawa ƙasa ce mai rairayi, mai sauƙin noma da hauya, wadda take karɓar shuka tun ruwan farko. Wanda ya ji « dune » zai kawo tudun rairayi maras tsiro a ransa, irin na Tenere. Ma'anonin biyu sun haɗu a rairayi, amma sun rabu a amfani: ga manomin Matamaye jigawa ita ce rumbu.

A misali na (2), fako ƙasa ce da ta taurare, ruwa na gudu a kanta ba ya shiga. Aikatau « zama » yana nuna cewa fako hali ne da gona kan faɗa ciki, kuma tana iya fita daga cikinsa idan aka zuba taki ko aka baza karare. Kalmar tana ɗauke da tarihin wurin.

A misali na (3), fadama ƙasa ce mai laka da damshi wadda ake nomawa bayan damina. Ta bambanta da kwari, wanda yake nufin gangare kawai, ko da ruwa ko babu. Ta bambanta da tabki, inda ruwa ke kwanciya, da kuma korama, inda ruwa ke gudana. Duk waɗannan ana iya samun su a takardun ayyukan raya karkara a ƙarƙashin « bas-fond » ko « vallée ». Korama kuma tana da fuska biyu: suna ne gama-gari a Hausa, amma taswirar Faransanci ta mai da shi sunan yanka, kamar yadda ta yi wa gulbi a « Goulbi de Maradi ».

Abin da muka fahimta shi ne, kalmomin Faransanci na wannan fanni sun fi duban siffar wuri da asalinsa, na Hausa kuwa suna duban yadda ƙasa take riƙe ruwa da irin aikin da take buƙata.

5. Me ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci?

Na farko, maganar mallakar ƙasa. Tun da aka kafa dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye suke rubuta takardun shaidar gado da saye da jingina. A wurin da jama'a suka yi yawa haka, fadama ta fi jigawa tsada nesa ba kusa ba. Idan takarda ta ce « bas-fond » ba tare da fayyace ko fadama ake nufi ko kwari kawai ba, an bar ƙofar rigima a buɗe ga magada.

Na biyu, maganar gyaran ƙasa. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun riƙa barin ƴan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, musamman gawo. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa wannan aiki ya shafi kimanin eka miliyan ɗaya ta awon hekta. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Manomin da ya san bambancin jigawa da fako ya san inda gawo zai yi masa amfani tun kafin malamin gona ya iso.

6. Kammalawa

Muna ba da shawarwari biyu. A littattafan makaranta, a fara da kalmar Hausa, a bayyana ta bisa ruwa da ƙasa da aiki, sannan a kawo ta Faransanci a matsayin makusanciya. Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike kuwa, akwai aikin tattara waɗannan kalmomi gari-gari, tare da lura da bambancin karin harshe, misali fako da hako, ko fadama da hwadama ta yamma. A fara da tsofaffin manoma na bakin Korama, a ɗauki maganarsu a cikin gona, inda za su iya nuna abin da suke nufi da hannu.