Minsharin Yaro da Faɗin Ganɗarsa

A gidaje da yawa, idan yaro yana minshari sai a ce ya sha wasa ne ya gaji, ko kuma ya gaji babansa. Minsharin kwana biyu saboda mura ko ƙurar hunturu ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya kamata ya hana uwa runtsawa shi ne na kullum: yaro ya kwana baki buɗe, wuya a miƙe, zufa na karyo masa, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya zabura ya ja iska da ƙarfi. Wannan toshewar hanyar numfashi ce a cikin barci, kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a jagoran da ta fitar a 2012, ta ƙiyasta cewa tana samun yaro 1 zuwa 5 cikin kowane 100.

Babba mai wannan larura gyangyaɗi yake yi da rana. Yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake yi: ba ya zama wuri ɗaya, karatu ba ya shiga, fitsarin kwance ya ƙi ƙarewa, wani ma girmansa ya tsaya. Ana dukan yara da yawa a kan rashin ji alhali barci ne bai ishe su ba. Likita Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford shi ya fara bayyana cutar a yara dalla-dalla a 1976, bayan ya bibiyi yara takwas.

Mafi yawan lokaci matsalar a maƙogwaro take. Akwai ƙululun nama biyu a gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, da wani a bayan hanci mai suna adinoyid. Suna girma sosai tsakanin shekara 2 zuwa 8, har su cike hanyar iska. Ƙiba na ƙara tsananta abin, kuma yara masu sikila sun fi sauran yara kamuwa, wanda hakan ya shafe mu kai tsaye. Shi ya sa maganin farko ga mafi yawan yara tiyata ce ta cire waɗannan naman. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2013, kan yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata gwajin barcinsu ya koma daidai bayan wata bakwai.

To sauran fa? A nan ne likitan daidaita haƙora yake shigowa. Ganɗa, wato rufin baki, ita ce kuma daɓen hanci, kamar gidan bene da rufin ɗakin ƙasa yake zama daɓen na sama. Idan ganɗa ta tsuke ta yi zurfi, ƙofar iska ta hanci ma ta tsuke, harshe ya rasa wurin kwanciya ya koma baya. Irin wannan yaro za a ga fuskarsa ta yi tsawo, haƙoran sama sun cunkushe, turamen sama suna faɗawa cikin na ƙasa idan ya cije. Sten Linder-Aronson a Suwidin ya nuna alaƙar babban adinoyid da wannan siffa a 1970, Egil Harvold kuma a Kalifoniya ya toshe hancin 'ya'yan birai ya ga muƙamuƙinsu da haƙoransu sun sauya tsari. Gado ma yana da nasa hannun, don haka ba kowane mai numfashi ta baki ne fuskarsa za ta sauya ba.

Ƙashin ganɗar yaro gida biyu ne, da ɗinki a tsakiya wanda ba ya gama haɗewa sai bayan balaga. Likita yana ɗaura wani ɗan ƙarfe a turamen sama, da kusa mai juyawa a tsakiyarsa. Uwa ko uba su juya ta da ɗan mabuɗi sau ɗaya ko biyu a rana, kowane juyi kusan rubu'in milimita. Cikin mako biyu zuwa uku ɗinkin ya buɗe, sai ga wushirya ta bayyana a gaba. Ita ce shaidar cewa ƙashi ne ya motsa, kuma takan rufe da kanta. Ƙarfen yana zama a baki wata uku zuwa shida har sabon ƙashi ya cike gurbin. Dabarar tsohuwa ce: Emerson Angell ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 14 a San Faransisko a 1860, abokan aikinsa suka ƙi yarda, sai Andrew Haas ya farfaɗo da ita a 1961. Ga yaron da haɓarsa ta koma baya kuma akwai wata na'urar da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba.

A 2004 Paola Pirelli da abokan aikinta a birnin Rum suka buga sakamakon yara 31 masu tsukakkiyar ganɗa, marasa ƙiba, waɗanda naman maƙogwaronsu bai kumbura ba. Kafin a faɗaɗa musu, numfashinsu yana yankewa ko raguwa kusan sau 12 a awa. Bayan haka ya koma ƙasa da sau 1. Sakamako ne mai daɗin ji, amma yaran kaɗan ne, an zaɓo su ne, kuma ba a ajiye wasu a gefe ba tare da magani ba don a kwatanta. Wannan na da muhimmanci, domin a binciken 2013 ɗin nan kashi 46 cikin 100 na yaran da ba a taɓa ba sun warware da kansu. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Daidaita Haƙora ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa aikin mambobinta shi ne su lura da alamu su tura yaro wurin likitan da zai tabbatar da cutar, kuma kada a faɗaɗa ganɗar da faɗinta daidai yake da sunan riga-kafi.

Na yarda da wannan matsayi ƙwarai. Ƙarfen yana da tsada, yana da ɗan zafi, kuma iyayen da ke tsoron tiyata suna iya rungumarsa su bar kumburarren nama yana shaƙe ɗansu kowane dare. A ɗaya ɓangaren kuma, yaron da aka yi wa tiyata amma minshari bai tsaya ba, haƙƙinsa ne a leƙa bakinsa a duba ganɗa, ba a ce an gama ba.

Gwajin barci na kwana guda a asibiti, wanda shi ne ma'aunin gaskiya, yana da wuyar samu a yankinmu, likitocin daidaita haƙora ma sun fi yawa a manyan birane. Amma waya tana hannu. A ɗauki bidiyon yaro yana barci, ƙirjinsa a buɗe, sautin yana fita, a kai wa likitan yara ko na kunne da hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli: ba shi ne ya toshe hanya ba, kuma yankan na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan yaro ya kai shekara 7, lokacin da turamen dindindin na farko suka fito, likitan haƙora zai iya gane ko muƙamuƙinsa ya tsuke, tun ɗinkin ganɗa bai rufe ba.