Masaƙa da Garaya a Gidan Mai Bi

Karatu: Fitowa 35:30-35, 1 Sama'ila 16:14-23

 

In an gama girbi, an zuba dawa a rumbu, me Kirista zai yi da tsawon rani? Waɗanda ke kusa da madatsar ruwan Tiga suna da noman rani da su. Sauran fa? Samari da yawa sukan tafi cin rani, waɗansu kuma sai zaman gindin bishiya da gidan burkutu. Iyayenmu sun cike wannan lokaci da abu biyu: saƙa da kiɗa.

Mu fara da saƙa. Mata ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya ɗaure zaren a kunkuru mai nauyin dutse, ya zauna yana taka andira, yana jefa ƙoshiya. Ƙwarya ƙwarya ake saƙawa, 'yar siririya, sa'an nan a haɗa su su zama gwado ko zane. Mai son baƙi ya kai marina, irin na Kura ko Ƙofar Mata a Kano. Yau yadin kanti ya cika kasuwa, har yara suna ganin saƙa aikin tsofaffi ne. Amma a Fitowa 35 Allah da kansa ya ba Bezalel da Oholiyab gwanintar saƙa, ya kuma ba su ikon koya wa waɗansu. Aikin da Allah ya koyar ba abin kunya ba ne. Tsohon da ya mutu bai koya wa kowa ba, ya tafi da baiwar da aka ba shi domin jama'a.

Sai kiɗa. Nan ne gardama take. Waɗansu dattawa da suka fito daga bori ba sa son jin garaya ko goge, gama da su ake kiran iskoki a dā. Kada mu rena tsoronsu, sun san abin da suka baro. Amma mu duba Dawuda. Da ya kaɗa wa sarki Saul garaya, mugun ruhu rabuwa ya yi da Saul. Ƙwarya da fata da tsirkiya ba su da ruhu. Tambayar ita ce: wa ake yabo, kuma ina kiɗan yake kai mutum? Gangar noma da ke ƙarfafa 'yan gayya, da shantu da tulun zumuntar mata, alheri ne. Kiɗan da ke kiran iska, ko habaici, ko mai jan mutum ga maye, mai bi ya guje shi. In kuwa garayarka za ta sa ɗan'uwa tuntuɓe, ajiye ta saboda ƙauna, kamar yadda Romawa 14 ta koya mana, har ikilisiya ta zauna ta fahimci juna.

Saboda haka, baba mai masaƙa, kira jikanka a ranin nan ka zaunar da shi kusa da kai. Saurayi mai gurmi, sa labarin Yesu a bakinka. Mama, gwadon da aka saƙa a gidanki zai rufe maraya da sanyin hunturu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsarkake hannuwanmu da muryoyinmu, su zama naka. Cikin sunan Yesu, amin.