Zanen Jiragen Ruwa a Bangayen Birnin Pompeii

Gabatarwa

Masana tarihi sun daɗe suna dogaro da rubuce-rubucen sarakuna da malamai. Sai dai akwai wata taska da talakawa suka bari, wato zane-zanen da suka karta a jikin bango da ƙusa ko tsinin wuƙa. A nan za a dubi irin wannan zane na jiragen ruwa masu tafiya da iska, a birnin Pompeii na ƙasar Italiya.

Yadda Zanen Ya Tsira

A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, toka ta binne birnin baki ɗaya. Tokar da ta hallaka mazaunansa ita ce kuma ta kare shafen bangayensa daga ruwa da rana, har zuwa 1748 da aka fara tono shi. An sami dubban rubuce-rubuce da zane-zane, ciki har da na jirage, kasancewar birnin yana kusa da gaɓar Bahar Rum.

Jirgin Europa

Mafi shahara shi ne zanen wani babban jirgin dakon kaya a bangon wani gida. Mai zanen ya nuna doguwar sandar tsakiya, da faffaɗan ƙyallen da ke kama iska, da igiyoyin ɗaure shi, da ma'aikata a bakin aiki, da ƙaramin kwalekwale da jirgin ke ja a baya. Ya kuma rubuta sunan jirgin, Europa, wanda a yau ake kiran gidan da shi. Wannan ƙwaƙƙwafi ya sa ake kyautata zaton mai zanen ya san jirgi ciki da bai.

Muhimmancinsa

Da katako ake ƙera jiragen Rumawa. Idan jirgi ya nitse, akasari gindinsa ne kawai yashi ke adanawa, amma ƙyalle da igiya ruɓewa suke yi. Saboda haka irin wannan zane yana cike giɓin da tarkacen ƙarƙashin teku suka bari. Sai dai dole a yi hattara, domin mai zane kan ƙara gishiri ko ya manta wani sashe. Shi ya sa masana ke gwada shi da sauran hujjoji kafin su yanke hukunci.

Kammalawa

Malami mai koyarwa ya kamata ya nusar da ɗalibansa cewa hujjar tarihi ba a littafi kaɗai take ba. Abin da wani ya karta don ɗebe kewa ya zama shaida bayan kusan shekara 2,000.