Tukunyar Baƙo A Ikko

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa na Agege ko Ojo da almuru, ƙanshin daddawa ne zai fara tarbarsa. Matan gida kan yi tanadin kuka da busasshiyar kuɓewa daga Arewa, amma damshin Ikko kan sa su yi fumfuna, sai an rufe su ruf a gwangwani. Haka ma Indiyawan Ilupeju ke tattalin kayan yajin ƙasarsu.

Abin da ke damun iyaye shi ne, yawancin yaran da aka haifa a Kurmi sun fi sabawa da teba da amala. Saboda haka uwa kan dage da tuƙa tuwo kowane dare, kada ɗanta ya je Kano ya zama baƙo a gaban akushin kakarsa.